Masinjan Injiniya

Litinin, 1 ga Satumba

Yau malamar magana ta ba ni kunya, a gaban mijina kuma. Yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarmu Auta ba. Ta ɗaga hoton jirgin ruwa ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Injiniya, mijin nawa, ya buɗe baki, leɓensa na rawa, ni kuwa na ga wahalar ta yi yawa na ce jirgin ruwa ne. Ta juyo da murmushin nan nasu na asibiti. "Mama, shi na tambaya." Na ce taimaka masa nake yi. Ta ce ta gani.

Tun da ciwon nan ya shanye masa ɓarin dama, ya haɗa da magana da karatu ya tafi da su, kalma ɗaya ta rage a bakinsa: to. Za ka ci abinci? To. Ka ƙoshi? To. Rannan na gwada shi na ce a kai ka kasuwa a sayar? Ya ce to, ya galla min harara. Hankalinsa ras yake, ni ce shaida. Mutumin da in ya fara labari a shagonsa na gyaran fanka da rediyo sai mai kaya ya manta abin da ya kawo shi.

Malamar ta ce giwa da tuffa da jirgin ruwan littafinta ba sa motsa shi. In samo mata abubuwan da yake so, da su za a jawo harshen. Na ce wannan mai sauƙi ne, na fi shekara talatin ina zaune da shi, bari in rubuto mata. Ta ce ba waɗanda na zaɓa ba, waɗanda shi ya zaɓa. Ta nuna wayarsa da baki.

Gaskiyarta. Wuni yake a shafin sada zumuntar nan, babban yatsansa na hagu yana ja, in ya ga abin da ya yi masa sai ya danna ɗan tauraron da ke gefe, abin ya shiga wurin ajiyarsa. Ban taɓa sanin me yake tarawa ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Na nemi in duba wayar, ya danne ta a ƙirji kamar zan ƙwace masa ɗa. Rowa dai ba ta shanye ba.

Na kira Auta, tana bakin aiki, sama-sama muka yi magana. Ta ce akwai wata 'yar manhaja, a haɗa ta da shafinsa ta gefe ɗaya, a haɗa ta da manhajar rubuta bayanai ta wayata ta ɗaya gefen, duk abin da ya sa wa tauraro sai ta kwafo ta ajiye min. Ba sai na taɓa wayarsa ba. Na ce masinja kenan. Ta yi dariya ta ce kusan haka. "Ki bari in zo ƙarshen wata in haɗa miki, Umma, tana da 'yan tambayoyi."

Ni? Ni da na yi sakatariya tun tana goye har na yi ritaya, na yi zamani da tafireta na yi zamani da kwamfuta, tambayoyin waya ne za su gagare ni? Na ce ta turo kawai.

Alhamis, 4 ga Satumba

An haɗa Masinja. Sunan da na raɗa masa kenan, don aikinsa bai wuce na masinjanmu na ofis ba, ɗauko daga wannan tebur ka kai wancan.

Gefena bai ba ni wahala ba. Na buɗe sabon fayil a manhajar bayanai, na sa masa suna Injiniya, na nuna wa Masinja nan zai riƙa sauke kaya. Gefensa ne aiki. Sai da kalmar sirrin shafinsa, ni ban san ta ba, shi ba bakin faɗa. Na gwada sunan Auta, na gwada lambar shago, na gwada sunana har da ɗan ɗoki, duk aka ce ba haka ba. Saura ƙiris a kulle mu. Sai ya miƙo hannu. Na ce Injiniya, ai ba ka gane haruffan yanzu. Ya ci gaba da miƙowa. Na ba shi wayata, ko kallon kirki bai yi mata ba, yatsan ya bi ta kan haruffan shi kaɗai, sai ga shafi ya buɗe. Ashe yatsa ya riƙe abin da baki ya saki. Na leƙa in ga me ya rubuta, ɗige-ɗige kawai na gani. Ya yi min murmushinsa na gefe ɗaya, irin na kin ji kunya.

Daga nan aka tambaya: ka yarda wannan manhaja ta ga abubuwan da ka ajiye? Na karanta masa na ce ka yarda? Ya ce to. Na danna.

To ɗin nan dai. Amma ai na tambaya.

Juma'a, 5 ga Satumba

Ina kicin, fankar tebur ɗin nan tana kukanta na ƙiii-ƙiii, wadda ya ce zai gyara tun kafin ya kwanta, sai wayata ta yi ƙara. Masinja ya kawo saƙon farko: akuya a kan rufin mota, tana kallon mutane kamar ita ta saye ta. Na tsaya da ludayi a hannu ina dariya, sai ga hawaye. Rabon da wani abu ya fito daga kansa ya iso gare ni tun watan Yuni da ya kwanta.

Lahadi, 7 ga Satumba

Kaya sai shigowa suke. Na kasa barin su a tarwatse, hali zanen dutse. Na buɗe ƙananan fayil a ciki: Abinci, Gyare-gyare, Dabbobi, sai Shirme. Duk abin da na rasa kansa Shirme nake jefa shi, kuma shi ya fi kowa ciki.

Jiya ya yi ta sa wa bidiyon masunta tauraro a jejjere. Na ce an gama, kifi yake marmari. Na yi sammakon kasuwa, na soya, na ajiye a gabansa ina jiran yabo. Ya dubi kifin, ya dube ni, ya buɗe bidiyon ya ɗora yatsa a kan injin da ke bayan kwalekwalen. Ashe injin yake kallo! Ya yi dariya har ya ƙware, ina bubbuga masa baya ina cewa Allah ya ƙara. Kifin dai bai bar ko kai ba.

Akwai wani hoto da ya daɗe yana nuno min tun kafin zuwan Masinja, kofunan shayi a kan ɗan tebur a baranda. Shi kam ba ya buƙatar fassara. Da ya ɗago wayar na hango shi nake miƙewa in ɗora ruwa.

Litinin, 8 ga Satumba

Na kai wa malamar fayil ɗin a shirye tsaf. Ta ajiye giwarta. Ta nuna masa bidiyon wani yana kwance fanka, ya matso, ya hura iska tsakanin haƙori da leɓe: fff. Fff! Ta tafa, ni ma na tafa, bakina ya suɓuce na ce fanka, ta dube ni. Na sani, na sani.

Ta ce in akwai tsofaffin ajiyarsa su ma a kawo mata.

Talata, 9 ga Satumba

Akwai tsofaffi kuwa. Na shiga saitin Masinja na tarar da inda aka ce a kwaso har na baya. Na danna. A ƙarƙashinsa ga wani ɗan akwati: bayan an kwafa, a cire daga wurin asali?

Duk zamana a ofis doka ɗaya ban taɓa karyawa ba: takardar da ta shiga fayil ba ta kwana a tire. Sakatariyar ƙwarai da tire fanko take tashi. Abu ɗaya a wuri biyu shi ke kawo rikici, na sha gaya wa waɗanda na koya wa aiki. Ga wayar tasa kullum kukan cikewa take. Na sa alama a akwatin ko numfashi ban ja ba.

Na zauna ina kallon su suna zubowa, tarin shekaru, har na kafin ciwo. Na wuni ina rarrabawa, wannan nan, wancan can. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yau, ji na yi kamar na koma bakin aiki.

Laraba, 10 ga Satumba

Innalillahi.

Da safe ina shanya na ji wani irin sauti daga falo, ba kuka ba, ba kira ba. Na zo a guje na ɗauka faɗuwa ya yi. Yana zaune, waya a hannunsa, ya nuno min wurin ajiyarsa. Fari fat, babu ko ɗaya. Yana ta jan yatsa sama da ƙasa a kan wofi yana cewa to, to, to da ƙarfi, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Na ce kwantar da hankalinka, ba abin da ya ɓata, duk suna wurina. Na buɗe wayata na nuna masa, ga su nan a jere, har na ware maka su. Ya dubi wayata. Ya dube ni, kallon da bai taɓa yi min ba ko a faɗanmu mafi muni. Sai ya kife tasa a kan kujera, ya ja sandarsa ya nufi ɗaki yana jan ƙafa. Na kai hannu in riƙe shi, ya kauce.

Na bi shi da bayani har bakin gado. Ya juya ya fuskanci bango. Ni dai ban ga abin tashin hankali ba tunda komai na nan. Haka na yi ta gaya wa kaina har la'asar.

Alhamis, 11 ga Satumba

Wayar na nan a kife inda ya bar ta. Masinja bai kawo komai ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Yana cin abinci, yana shan magani, yana kallon bango. Ko to ɗin ma ya daina. Na yi masa shayi ba tare da ya nema ba, a wurin ya huce. Gidan nan ba a jin motsin kowa sai ni da fankar kicin.

Litinin, 15 ga Satumba

Da ƙyar ya yarda muka je. Malamar ta nuna masa fanka, ya kau da kai. Ta nuna akuya, ya rufe ido. Ta ce, "Baba, ina wayarka?" Na ce tana jakata, na ba ta labarin yadda aka yi, har ina ɗan wanke kaina. Sai ta ce in zo waje.

A bakin ƙofa ta gaya min abin da ban sani ba. Ashe duk ranar da take fitar da ni don in bar su su biyu, da wurin ajiyar nan yake yi mata magana. In zafi yake ji ya san inda hoton fanka yake. In kansa ke ciwo akwai wani mutum da ya dafe goshi. In yana kewar Auta akwai wata yarinya da jakar makaranta. Ba ya iya karanta suna, ba ya iya rubuta abin da yake nema, amma yatsansa ya san iya nisan da zai ja ya tarar da kowanne. "Bakinsa kenan, Mama. Ke bai taɓa nuna miki ba?"

Ya nuna. Sau nawa ya ɗago min wayar nan ina cewa na gane, na gane, tun kafin ya gama ja.

Ta ce ba za ta ɓoye min ba, watannin farkon nan su ne harshe ya fi saurin dawowa, kuma sai mai shi yana so. In ya saki, ita ba ta da maganin wannan. Na ce to me zan yi? Ta ce in mayar masa da kayansa, sannan in na yi masa tambaya in rufe bakina in jira, ko jiran zai kashe ni. Ba haka ta faɗa ba, ta fi ni ladabi, amma haka na ji.

Garin gyaran gira na tsokane ido. Ina tsoro. Wallahi ina tsoron kada ya zama to ɗin nan ita ce kalmar ƙarshe da zan ji daga bakinsa, ita ma ni na kore ta.

Talata, 16 ga Satumba

"Umma, me ya kai ki akwatin nan?" Na ce wa Auta ba faɗa na kira ta ta yi min ba. Ta ce Masinja hanya ɗaya yake bi, yana kawowa, ba ya mayarwa. Amma kowane abu da ya sauke min yana ɗauke da adireshinsa, sai dai in tura wayar Abbanta ɗaya bayan ɗaya, a buɗe, a sake danna tauraro. In fara cire alamar akwatin tukuna, in ba haka ba ina mayarwa yana kwashewa. Kuma ba za su koma yadda suke a jere ba, wanda aka mayar a ƙarshe shi zai hau sama. Ta ce za ta nemi hutu ta zo. Na ce ta zauna, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Na cire alamar. Da rana da ya kwanta na ɗauko wayarsa in fara, in ya tashi ya ga abin mamaki. Sai wayar ta ce ba za ta buɗe ba sai da yatsansa. Na lallaɓa bakin gado, na ɗago hannunsa na hagu a hankali, ina kai babban yatsan kan wayar na ɗaga kai, ashe idonsa biyu. Kallona kawai yake. Bai janye hannun ba, abin da ya fi ci min rai kenan, ya sakar min shi yadda yake sakar wa masu allura.

Na mayar da hannun kan bargo, na ajiye wayar kusa da shi. Na je kicin na yi kukana, fanka na taya ni.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ban iya ba da haƙuri ba, shi ma ya sani. Duk zamanmu in na yi laifi abincin da yake so nake dafawa, shi kuma ya ce, "Sakatariya ta aiko da takardar ban haƙuri," ya cinye, a wuce wurin. Yau babu abincin da zai yi min wannan aikin.

Na zauna a gefensa na ce Injiniya, na yi maka ɓarna. Na kwashe maka kaya ban tambaye ka ba, wanda na tambaya ma na san to za ka ce. Ka yafe min. Sai na ɗora masa wayata a cinya, fayil ɗinsa a buɗe, na zauna a kan hannayena. Da gaske nake, a kansu na zauna.

Ya daɗe bai taɓa ta ba, har ƙafata ta fara sanyi. Can yatsan ya motsa. Ya taɓa fayil na farko ya dube ni, na karanta masa: Abinci. Na gaba, Gyare-gyare. Na gaba, Dabbobi. Ya taɓa na ƙarshe. Na yi tari. Ya sake taɓawa. Na ce Shirme. Girarsa ta hagu ta ɗaga. Ya buɗe, ya ja, ya ja, ya ga yawansu, sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko kuma duka biyun.

Ya koma Abinci ya yi ta nema har ya tarar da hoton kofunan shayi, ya ɗora yatsa. Na tura masa. Ya ɗauki wayarsa, ya buɗe da kansa, ya danna tauraro. Ɗaya ya koma gida. Don murna na miƙe zan ɗora ruwa, sai ya sauke numfashi ya juya kai. Ban san me kuma na yi ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Mun sami tsari. In ya tashi barcin rana sai mu zauna a baranda, wayata a cinyarsa, tasa a hannun kujera. Ya zaɓa, in tura, ya danna. Aikin da da ni kaɗai ce zan gama shi a wuni ɗaya, yadda muke tafiyar nan sai mu kai sabuwar shekara. Ina jin abin har cikin haƙorana.

Shi yake tsara jerin. Na lura yana fara mayar da waɗanda ba ya yawan nema, yana ajiye na kullum sai daga baya don su zauna a sama. Ban gaya masa haka abin yake ba, shi ya gano. Waɗansu kuma ya wuce su, ba ya son su koma. Akwai bidiyon wani yana tseren keke da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, ya wuce.

Masinja kuwa ba ya tambaya, duk wanda aka mayar sai ya sake kwafo min. Yanzu fayil ɗina cike yake da tagwaye. Hannuna na ƙaiƙayi in goge. Ban goge ba.

Na samo dabarar bakin nan nawa: in na yi masa tambaya sai in kurɓi ruwa in riƙe a baki har ya gama. Yau na kusa shanye buta guda.

Talata, 23 ga Satumba

Ya ce to yau, da na tambaye shi ko in buɗe taga. Ban taɓa tsammanin zan yi kewar kalmar nan ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

Bari in rubuta kafin in manta yadda aka yi.

Kwanan nan cikin Shirme muke. Akwai wasu bidiyoyi da na jefa can ban ko gama kallonsu ba, na mutane masu hannu ɗaya suna aiki. Wani ya matse katako da gwiwa yana yanka, wani ya ɗaure ƙarfe a matsi, abin nan na kan tebur mai riƙe wa maƙeri kaya, yana kwance ƙusa. Gaskiya ba shirme na ɗauke su ba, kallonsu ne ban iya ba. Shi kuwa duk sai da ya mayar da su, bai bar ko ɗaya ba.

Da yamma fankar kicin ta ƙara sabon kuka, har tana tsayawa tana tashi. Na fito da ita rungume zan ajiye a bakin ƙofa, na ce, ba ma tambaya nake ba, da kaina nake magana, gobe zan kai ta wurin mai gyaran nan na bakin titi. Sai na ji daga bayana:

"A... a'a."

Na tsaya cak. Na juyo da fanka a hannu. Shi ma kamar ya tsorata da abin da ya fito. Ya sake, wannan karon da ƙarfi har da buga sanda: "A'a!" Ya jawo wayarsa, ya ja kaɗan, ya nuno min mai matsin nan, ashe fanka yake kwancewa. Ya nuna ƙirjinsa. Ya nuna hannuna na dama.

Na kira Auta ina ihu, Abbanki ya ce min a'a! Ta ce, "Kuma murna kike, Umma?" Sai ta gane, muka yi ta kuka a waya kamar waɗanda aka yi wa rasuwa, shi yana kallona yana girgiza kai.

Litinin, 29 ga Satumba

Malamar ta ɗauko giwarta don gwaji, ya ce mata a'a. Ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce a rubuta, Baba ya sallami giwa. Sun yi aikin fff ɗin nan sosai, ya kusa kaiwa. Ni ina gefe da robar ruwana, ta kalli robar ta kalle ni.

Da muka dawo na ga tunda yanzu yana da kalma biyu, tambayar da na yi masa ranar farko ba ta zauna ba, sai an sake. Na buɗe saitin na ce Injiniya, ga Masinja nan, duk abin da ka sa wa tauraro ina gani. A sallame shi? Na kurɓi ruwa. Ya daɗe yana kallon wayar, har na fara shirya yadda zan ɓoye ɓacin raina. Ya ce a'a. Na haɗiye. Na ce akwatin nan na cirewa, a bar shi fanko har abada? Ya ce to.

To ɗin yau ta sha bamban da ta da. Wannan zaɓo ta ya yi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Mun gyara fanka. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin baranda, na ɗauko akwatin kayan aikinsa da na tura ƙarƙashin gado tun Yuni. Da ya buɗe shi ya ji warin mai da ƙarfe sai ya rufe ido, na ba shi lokaci.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to mu hannu uku ne da mu kuma da ƙyar muka sha. Shi ya riƙe da hagu yana nuni da haɓa, ni ina juya sukundireba. In na ɗauko wannan, a'a. In na juya dama, a'a. Mutumin nan tun da ya sami kalmar nan bai bar ta ta huta ba, kamar yana biyan ta shekarun da bai faɗa min ita ba. Na ɗiga mai ya yi yawa, ya yi tsaki. Tsaki ma ya dawo, Allah na gode maka.

Muka haɗa, ƙusa ɗaya ta yi saura, ya ɗaga kafaɗa ya jefa ta a akwati. Na jona, ta tashi lumui, ba ƙiii ba komai. Ya sa fuskarsa a iskar, ya ce fff, ya tsaya, ya sake, fan. Saura kaɗan. Sauran yana kan harshena, na bar masa kayansa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Da la'asar ina wanke-wanke Masinja ya yi ƙara. Hoton kofunan shayi ne. Sabuwar dabararsa kenan ta kirana, ya cire tauraro ya sake sawa, hoton ya iso min. Hannuna har ya kai kan buta. Sai kuma na goge shi a zani na fita baranda haka nan.

Yana kan kujerarsa, ya jawo ɗayar kusa da shi, ban san yadda ya yi da hannu ɗaya ba. Na tsaya a kansa na ce me kake so? Ya fara. Zzz. Leɓen na rawa, gumi ya tsatso masa a goshi. Wani mai babur ya wuce, tattabarun maƙwabta suka tashi suka dawo. Za. Ya tsaya, ya runtse ido, ya sake daga farko.

"Zau... na."

Na dubi hoton da ke wayarsa, wanda na gani ya fi a ƙirga. Kofi biyu ne. Kujera biyu.

Na zauna. Ba mu sha shayin ba, ba mu mayar da komai ba, muna nan dai har aka kira magariba, hannunsa na hagu a kan nawa da sauran kumfar sabulu. Sai yanzu da nake rubutu na tuna ko ruwa ban kurɓa ba. Ba wani abu ba ne, ina jin gajiyar wanke-wanke ce ta kashe min baki.

Hoton dai na fitar da shi daga Abinci. Na rasa fayil ɗin da zan sa shi, na bar shi a waje.